Darasi na 9: Tsohon Rediyo da Ya Rage Kama Tasha

Da wuya a shiga gida a ƙasar Hausa a rasa wani tsohon rediyo da aka jingine a kan kabad ko aka tura ƙarƙashin gado, wai ya mutu. In aka tambayi mai shi abin da ya same shi, amsar ba ta wuce, "Ai ya daina kamawa, sai shuu kawai yake yi." Shi ke nan an je kasuwa an sayo ƙarami mai arha wanda da ƙyar zai ga damina biyu, an bar National ko Philips ko Sony ɗin da ya shekara talatin yana kawo labarai ƙura na ci. Abin yana damuna, domin akasarin irin waɗannan rediyoyi ba su mutu ba. Abin da ke hana su kamawa yakan kasance a wajensu ne ko a bakin ƙofarsu: batir, eriya, datti, ko wata na'ura da ke kusa tana cika musu kunne. Wanda ya san inda zai fara dubawa zai farfaɗo da mafi yawansu, bai kashe abin da ya wuce kuɗin batir ba.

Hanyar da za mu bi guda ce. Za mu taso daga waje mu shiga ciki, mu fara da abin da ba ya cin kuɗi kafin abin da ke ci. Kuma abu ɗaya ake taɓawa, a saurara, sannan a wuce na gaba. Wanda ya canja batir, ya goge maɓalli, ya murɗa sukurori duk a zama ɗaya, ko rediyon ya tashi bai san abin da ya tashe shi ba, in kuma ya ƙara lalacewa bai san abin da ya ɓata ba.

Kunne kafin sukuddireba

Ku kunna rediyon, ku ƙara sauti zuwa rabi, ku bi allurar neman tasha daga wannan ƙarshe zuwa wancan a hankali, a kowane zango. Kada ku ce "ba ya kamawa" ku yi shiru, ku lura da irin kukan da yake yi, domin kowane ciwo da kukansa.

In ya yi shiru ɗif, ko shuu babu, to wuta ce ba ta shiga, ko kuma sautin ne ba ya kaiwa ga lasifika. In akwai shuu mai ƙarfi amma babu tasha, wuta na shiga, lasifika na aiki, matsalar tana wajen da ake karɓo tashar. In zango ɗaya yana kamawa tas ɗaya kuma ya ƙi, ku yi murna, don kun riga kun wanke fiye da rabin rediyon daga zargi. Muryar da ke fita garau in an rage sauti, ta shaƙe ta dishe in an ƙara, yawanci kukan batir ne. Ƙarar zzzz wadda ba ta canjawa duk inda allura ta je, yawanci daga waje take shigowa. Ƙarar ƙas-ƙas da ke tashi sai an taɓa maɓalli, datti ne. Muryar kuwa da ke tafiya a hankali ta dawo a hankali, musamman da dare, ba laifin rediyo ba ne sam, kuma nan gaba za mu ga dalili.

Kafin komai ma, ku tambayi maƙwabci ko nasa yana kama tashar. Tashoshinmu sukan sauka saboda rashin wuta ko man gas, ko na'urar watsa shirinsu ta lalace. Wani lokaci hukuma ce ke dakatar da tasha, kamar yadda aka dakatar da RFI a Nijar a watan Agustan 2023. Manyan tashoshin gajeren zango kuma sukan canja mitocinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Mutum ya saba da inda allura ke tsayawa, har ya sa alamar biro a wurin, ran nan ya wayi gari babu komai, ya ɗora wa rediyo laifi, alhali tashar ce ta yi ƙaura.

Zango uku, hanya uku

A fuskar rediyo akwai layukan lambobi, kowane da sunansa. MW ko AM shi ne matsakaicin zango, daga kilohaz 530 zuwa wajen 1600. SW shi ne gajeren zango, a wasu rediyoyi an raba shi SW1, SW2, har zuwa tara ko goma. FM kuma daga megahaz 88 zuwa 108. Megahaz ɗaya daidai yake da kilohaz 1000.

Duk wanda ya tashi yana jin Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, ko Muryar Jamus da ta biyo baya a 1963, ko Muryar Amurka da ta fara Hausa a 1979, ya saba jin mai gabatarwa yana cewa a kama su a kan mita 16, ko 19, ko 25, ko 31. Mutane da yawa sun haddace waɗannan lambobi ba su san dangantakarsu da lambobin fuskar rediyo ba. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 300 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne mita. Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, an daɗe da saninsa a kan kilohaz 6090, wato megahaz 6.09. In an raba 300 da 6.09 za a sami 49 da ɗoriya, shi ya sa ake cewa mita 49. In kuka ji an ce mita 31, ku nemi wajen megahaz 9.5 zuwa 9.9. Mita 25 tana wajen 11.6 zuwa 12, mita 19 kuma ta ɗan haura 15.

Kowane zango da yadda yake tafiya. FM miƙewa yake yi kamar hasken tocila, ba ya iya lanƙwasawa ya bi doron ƙasa, shi ya sa dutse ko dogon gini ko nisa kawai yake tare shi. Mai sauraron Freedom Radio a kan 99.5 a cikin Kano zai ji ta raɗau, amma in ya ɗauki hanyar Katsina ko Zariya zai ji tana raguwa har ta ɓace, kuma babu gyaran da zai dawo da ita sai dai a ɗaga eriya sama.

Gajeren zango dabararsa daban. Can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa fiye da 300, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cajawa. Saƙon tashar yana tashi ya bugi wannan sashe ya dawo ƙasa a wuri mai nisa. Ta haka BBC ta daɗe tana aiko da shirye-shiryenta zuwa Afirka ta Yamma daga tsibirin Asenshon da ke tsakiyar tekun Atlantika, fiye da kilomita 3,000 daga Kano. To wannan rufi na sama ba a tsaye yake ba, motsi yake yi, kuma halinsa na rana daban da na dare. Motsin ne ke sa murya ta tafi ta dawo. Da rana mita 16 da 19 sun fi kyau, in rana ta faɗi mita 41 da 49 su karɓa, mita 25 da 31 kuma sukan yi daɗi da safe da yamma. Matsakaicin zango da rana ƙasa yake bi, ba ya nisa sosai, amma da dare shi ma yakan bugo daga sama, sai ku ji tashoshin Larabci da Faransanci sun cika wurin suna danne ta kusa. Da damina kuma kowace walƙiya, ko tana nesa, takan shigo a matsayin ƙarar tas-tas a MW da SW, FM kaɗai ke tsira. Duk waɗannan ba abin gyara ba ne, abin sani ne.

Batir

A nan ya kamata a daɗe, domin nan ne yawancin laifin yake. Kowane batir sabo irin na tocila, babba ko ƙarami, bolt 1.5 ne. Rediyo mai cin huɗu yana son bolt 6, mai cin uku 4.5. Batir ba ya mutuwa farat ɗaya, raguwa yake yi, rediyon kuma yana bin sa sashe-sashe. Tashoshi masu nisa su ne ke fara ɓacewa, sau da yawa FM da saman gajeren zango su yi shiru alhali tashar gari a MW tana nan, sai mai shi ya rantse cewa ba batir ba ne tun da ga shi yana magana. Wani rediyon yakan koma yin fut-fut-fut kamar injin ban-ruwa. Saboda haka gwajin farko shi ne a zuba sababbin batura duka, iri ɗaya. Kada a haɗa sabo da tsoho. Tsohon zai janye sabon, kuma shi ne zai fara tsiyayar ruwa.

Mai mitar gwaji ya gwada baturan suna cikin rediyo, rediyon kuma a kunne. Batirin da ya gaji yakan nuna lamba mai kyau in yana hutawa, da an ɗora masa aiki sai ya zube. Wannan hutun ne ma sirrin shanya batir a rana da muka saba yi: zafi da hutu suna ɗan farfaɗo da shi na ɗan lokaci, ya kai mutum ƙarshen labarai. Taunawa da bugawa da dutse kuwa fasa jikinsa suke yi, ruwansa ya zubo cikin rediyo, kuma ruwan nan guba ne ga baki da ido.

Yanzu ku fitar da baturan ku haska ramin da tocila. Ku duba sifirin da ƙarfen da kan batir ke taɓawa. In sun yi tsatsa, ko kore, ko farin gari, wuta ba za ta wuce sosai ba ko da batir sabo ne. Farin gari busasshe yakan fito daga batir mai tsada irin na alkalin, ruwan lemun tsami a kan auduga yake narkar da shi. Jiƙaƙƙen ruwa mai sa tsatsa kuma na batir ne na gama-gari irin Tiger Head, shi ɗan ruwan kanwa ya fi dacewa da shi. Bayan nan a goge da tsumma mai ɗanshi, a bari ya bushe sarai, a murza ƙarfen da samfefa mai laushi har ya yi ƙyalli, a wanke hannu. Sifirin da ya kwanta a ɗan jawo shi don ya matse batir. In ruwan ya cinye siririyar wayar da ke bayan sifirin, sai an sake liƙa ta da dalma. Rediyon da za a ajiye fiye da mako biyu ko uku, a cire masa batir. Da an kiyaye wannan kaɗai, da rediyoyi masu yawa ba su je ƙarƙashin gado ba.

Masu sa wa rediyo adafta su yi hattara da abu biyu. Bolt ɗinta ya yi daidai da abin da aka rubuta a gefen ramin, kuma a duba ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar ramin mai alamar tarawa ce ko ta ɗebewa, domin tsofaffin rediyoyin Japan da yawa tsakiyarsu ta ɗebewa ce, akasin yawancin adaftocin yanzu. In aka juya, ana iya ƙona rediyon nan take.

Eriya biyu ce, ba ɗaya ba

Eriyar ƙarfe da ake zarowa ta FM ce da gajeren zango. Matsakaicin zango a yawancin rediyoyi bai san da ita ba. Tasa eriyar tana ciki: wata baƙar sanda mai kama da gawayi, ana ce mata ferait, kwance a tsawon rediyon ta sama, an nannaɗe ta da waya siririya kamar gashi. Wannan sanda tana da gaba da baya. Ta fi kamawa in fuskar rediyon ko bayansa na kallon garin da tashar take, ta fi rauni in gefensa ne ke nuna can. Don haka mai neman tasha a MW ya bar eriyar ƙarfe, ya juya rediyon kansa a hankali kamar mai juya faifai, har ya sami inda murya ta fi fita. Wannan rauni na gefe ma yana da amfani: in wata tasha ko ƙara na damun wadda kuke so, ku nuna mata gefen rediyon, sai ta ragu.

A FM tsawon eriya yana da lissafi. Mita ta zangon FM kusan uku ce, wato 300 a raba da 100, eriyar kuma ta fi aiki in ta kai rubu'in haka, wajen santimita 75. A zaro ta, a karkata ta, a juya, a matsa kusa da taga. Taku biyu a cikin ɗaki ɗaya yakan raba shuu da murya tas. A gajeren zango a zaro ta duka a tsayar.

Ga gwaji mai sauƙi. Ku kama tasha mai rauni a FM ko SW, ku riƙe eriyar da hannu. Jikin mutum ma eriya ne, don haka ya kamata ku ji wani canji. In babu canji ko kaɗan, eriyar ba ta haɗe da cikin rediyon. Sau da yawa sukurun gindinta ne ya kwance ko ya yi tsatsa, ko wayar da ta taso daga gindin zuwa allon ciki ta tsinke. Eriyar da ta karye ana samun irinta wajen masu sayar da kayan gyara, kafin nan ma waya mai tsawon hannu da aka ɗaura a guntun da ya rage za ta yi aiki.

Mai son tashoshin nesa a gajeren zango ya sami waya mai rufin roba, mita biyar zuwa goma, ya shimfiɗa ta sama daga taga zuwa bishiya, ya fere ƙarshenta ya maƙala a eriyar. In ya ji tashoshi sun cakuɗe suna hawa kan juna, wayar ta yi wa rediyon yawa, sai ya rage ta, ko ya nannaɗa ta da robarta sau huɗu ko biyar a jikin eriyar ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Abu biyu a nan ba na wasa ba ne. Kada wayar ta bi ta sama ko ta ƙasa ko kusa da wayar lantarki, ko da an ɗauke wuta, don ba a san lokacin da za a kawo ba. Da an ga hadari ya haɗo kuma, a cire ta daga rediyon a jefa ta waje.

Hayaniyar gida

Dattawa sukan ce da can rediyo ya fi kamawa, kuma gaskiyarsu. Sai dai ba rediyon ne kaɗai ya tsufa ba, gidajenmu ne suka cika da abubuwan da ke fitar da ƙarar da kunne ba ya ji amma rediyo na ji. Cajar waya, ƙwan lantarki na zamani mai ƙarancin cin wuta, inbata, na'urar cajin sola, talabijin, fitila mai caji in tana jone, duk suna kunna wuta suna kashewa a cikinsu sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, wannan kuma watsuwa yake yi kamar ƙaramar tasha marar magana. Fulogin janareta da na babur suna ba da tat-tat-tat mai bin gudun inji. Wayar hannu in tana kusa takan sa lasifika ta yi dit-dit kafin kira ya shigo.

Gano wannan ba wuya. Ku sa batir, ku fita da rediyon tsakar gida ko bayan gari. In ƙarar ta ɓace, rediyon ba shi da laifi. Wasu ma sun lura da kansu cewa da an ɗauke wutar NEPA sai tashoshin nesa su fito fes. Ku dawo ciki ku riƙa kashe kayan wuta ɗaya bayan ɗaya har ku kama mai laifin, ko ku zaga da rediyon a MW kamar mai farauta, ƙarar za ta riƙa ƙaruwa kuna kusantar tushenta. Maganin shi ne nisa, ko a cire cajar a lokacin labarai. Rufin kwano da ginin kankare mai rodi kuma suna tare saƙo, shi ya sa rediyon da ke kamawa a zaure na ƙasa yakan ƙi a cikin shago.

In an buɗe

Sai duk waɗannan sun wuce ake ɗaukar sukuddireba. In rediyon mai igiyar lantarki ne, a zare igiyar daga bango tukuna, domin wutar bolt 230 tana kisa, kuma duk gwajin da za a yi a buɗe da batir kaɗai za a yi shi. A shimfiɗa farin ƙyalle, a zuba sukurori a murfin kwalba, a tuna akwai wanda kan ɓuya a ramin batir. A ɗaga murfin a hankali, don akwai wayoyi da ke haɗe da shi. Mai wayar hannu ya ɗauki hoton cikin kafin ya taɓa komai.

Abin da za a fara gani shi ne ƙurar hunturu ta shekaru, wani lokaci da kashin kyankyaso. A share da busasshen burushin haƙori mai laushi, a kauce wa siraran wayoyin baƙar sandar nan. A duba sandar: a rediyon da ya taɓa faɗuwa takan karye, MW ya yi rauni ƙwarai. In ta rabu biyu tsaf, a haɗa bakin ya zauna daidai a manne da gam mai ƙarfi, za ta dawo da yawancin ƙarfinta.

Maɓallin sauti da makunnin canja zango su ne matattarar datti. A ɗiga musu sifirit kaɗan, irin na kemis, ko maganin fesawa na wanke maɓallai, ta ɗan ramin da ke jikinsu, a murɗa ko a tura gaba da baya sau ashirin ko talatin, a bari ya bushe kafin a mayar da batir. Makunnin zango mai datti shi kaɗai yana iya kashe SW ko FM gaba ɗaya. Kada a sa fetur, ko kananzir, ko baƙin mai, ko man gyaɗa. Wasu suna cin roba, wasu suna kama ƙura su zama laka. Ramin abin sauraro na kunne ma yana da ɗan makunni a ciki wanda ke yanke lasifika in an soka, in ya yi datti sai rediyo ya yi shiru ɗif. A ɗiga sifirit a soka a zare sau da yawa.

Masu gyara suna da wata dabara ta raba rediyo biyu. Maɓallin sauti yana da ƙafa uku a jere. A kunna rediyon da batir, a ƙara sauti, a ɗora yatsa a ƙarfen ƙaramar sukuddireba a taɓa ƙafar tsakiya. In lasifika ta yi buuu, sashen ƙara sauti lafiya yake, laifin yana ɓangaren kamo tasha. In shiru, laifin yana tsakanin maɓallin da lasifika. Ita lasifikar ana gwada ta da batir ɗaya: a cire wayarta guda, a taɓa ƙafafunta da wayoyi biyu daga batirin, mai lafiya za ta yi ƙwas. In allura ce ba ta tafiya ko tana zamewa, zaren da ke jan ta ne ya saki ko ya sha maiƙo. Kada a warware shi sai an zana yadda ya bi.

Abin da ba a taɓawa

A kan allon za ku ga wasu ƙananan gwangwanaye masu kusurwa huɗu, kowane da abu kamar sukuru a tsakiya, mai launin rawaya, fari, baƙi, ja, ko wani launin. A bayan akwatin roba mai haske da ke juyawa in ana neman tasha kuma akwai wasu ƙananan sukurori huɗu. Waɗannan ba sukurorin ɗaure abu ba ne. Rediyo irin wannan yana mayar da kowace tasha da ya kamo zuwa lamba guda tsayayya kafin ya tace ta, yawanci kilohaz 455 a MW da SW, megahaz 10.7 a FM, gwangwanayen nan kuma tun a masana'anta aka saita kowannensu da na'ura ya tsaya daidai kan wannan lamba. Rabin juyi ya isa ya kurmantar da rediyo. Abin da ke cikinsu kuma ferait ne mai gautsi, sukuddireba ta ƙarfe tana fasa shi.

Na ga wannan a gidanmu. Mahaifina yana da rediyo mai batir huɗu a cikin jakar fata, da shi yake jin labaran asuba da na dare. Da ya fara rauni, wani saurayi a unguwa mai son taimako ya buɗe shi, ya ga sukurori masu launi kamar sun kwance, ya ɗaure su tam ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar rediyon bai sake kama gajeren zango ba. Da aka kai shi wurin mai gyara na gaske, ya nuna mana ciwon asali: tsatsa ce a sifirin batir, aikin minti biyar. Amma biyu daga cikin gwangwanayen sun riga sun fashe a ciki, ba a kuma sami irinsu ba. Garin neman gira aka rasa ido. Mahaifina ya ajiye rediyon nan har ƙarshen rayuwarsa, bai yarda an jefar ba.

Haka nan kakin da za ku gani an ɗiga a kan wasu 'yan nannaɗaɗɗun wayoyin tagulla, wani lokaci da guntun soso a ciki, ba datti ba ne. Shi ke riƙe da su a yadda aka saita su don FM. A bar shi.

Inda aikin mai gyara ya fara

Sauran ciwon da ke damun tsohon rediyo na mai ƙarfen dalma ne. Akwai kafasita, 'yan gwangwanaye masu siffar ganga da ke da ruwa a ciki. Shekaru da zafin ƙasarmu suna busar da su, sai sauti ya yi rauni, ko ya dishe, ko rediyon ya riƙa gurnani in an jona shi da lantarki. Wanda ya kumbura ko ya yi tsiyaya ya ƙare. Ana sa wani mai lamba ɗaya da shi, bolt ɗinsa daidai ko sama, a kuma lura da ƙafar da ke da alamar ɗebewa don kada a juya. Akwai kuma dalmar da ta tsage a ƙarƙashin allo, ita ce ke sa rediyo ya yi magana in an buge shi ya yi shiru in an ajiye. Ana gano ta da danna sassan allon a hankali da tsinken itace, a sake narkar da wurin. Taransista ko ayisi da ya ƙone, da sake saita gwangwanayen da aka murɗa, duk sai mai kayan aiki.

In za ku kai, ku je da bayani. Wanda ya ce, "Malam, na sa sabon batir, na goge sifirin, FM na yi, SW ne shiru, kuma in na taɓa eriya ba na jin canji," ya rage wa mai gyara rabin aiki, kuma da wuya a canja masa abin da bai lalace ba. Ku nemi a ba ku duk abin da aka cire, ku kuma gwada kowane zango a gabansa kafin ku biya.

Aikin aji

Ku lissafa mitar tashar da ke kan megahaz 11.8, da ta wadda ke kan kilohaz 7250, sannan ku faɗi wadda za ta fi kamuwa da tsakar dare da dalilinku. Wata baiwar Allah ta ce rediyonta yana kama MW lafiya da rana, amma da magariba in an kunna fitilun sola sai ƙara ta rufe komai: ku rubuta mata jimla uku na abin da za ta gwada, bi da bi. A zama mai zuwa duk mai tsohon rediyo a gida ya zo da shi, da baturansa sababbi, da tsohon burushin haƙori. Za mu zauna bibbiyu, ɗaya yana gwadawa ɗaya yana rubuta irin kukan da aka ji a kowane zango, kuma ba za a buɗe ko ɗaya ba sai malami ya ga abin da aka rubuta.